Kwandunan cikin mangwaro: gwaninta ce ko sa'a?

Sanda: Jama'a, yau zan faɗi abin da ba a so. Wasan jifan faifan nan (disc golf, inda ake jefa faifai har ya shiga kwando, mai ƙarancin jifa ya ci) da muke yi a lambun Alhaji a bakin kogin Binuwai a Garwa, kwanduna huɗun da ke cikin mangwaro ba gwaninta ba ce, sa'a ce tsagwaronta. Mutum biyu su yi jifa iri ɗaya, faifan wannan ya goge reshe ya wuce, na wancan ya daki kututture ya dawo ƙafarsa. Biyar ɗin da ke fili su ne wasa. Kuma jaka guda muke biya a ƙofa, a ce kusan rabin filin caca ne?

Buba: Yaya Sanda, an dai cinye ka jiya, shi ke nan.

Sanda: Bar batun jiya. Amsa maganar.

Hadiza: Ni zan amsa. Yaya, faifai nawa kake shiga da su? Ɗaya, mai siririn baki, na cin nisa. Shi kake wurgawa a fili, shi kake wurgawa a tsakanin itatuwa. Alhali faifan nan iri uku ne: na nisa, na tsaka-tsaki, da mai kaurin baki na jefawa cikin kwando. Na nisan sai an ba shi ƙarfi sosai yake miƙewa, kuma mai jifa da bayan hannun dama ya san da zarar gudunsa ya ragu hagu yake karkatawa. To a layin da faɗinsa bai fi taku shida ba, ina zai karkata in ba kan itace ba? Ɗauki na tsaka-tsaki, rage ƙarfi, ka yarda ka isa a jifa biyu. Kai so kake ka isa a ɗaya.

Sanda: Ƙanwata, duk wannan na ji. Amma ko gwani reshe na taɓa faifansa, daga nan kuma ba shi ke da iko da inda zai faɗi ba.

Kawu Ali: Sanda bai yi ƙarya duka ba. Kwando na shida akwai zalunci a ciki. Ba hanya ko ɗaya, rassa sun rufe sama da ƙasa, sai dai ka rufe ido ka jefa. Wannan laifin wanda ya tsara wurin ne. Sauran ukun kuwa kowanne da ƙofarsa, ana ganin ta daga inda ake tsayawa. In akwai ƙofa ka kasa bi, kada ka zargi mangwaro.

Buba: Kawu, ni abin da ke ba ni dariya shi ne wai fili babu sa'a. A jira hunturu. Iska ta zo ta gabanka, faifai ya tashi sama ya juye dama ya tafi gonar mutane. Ta zo ta bayanka, ta danne shi ya faɗi tun bai yi nisa ba. Itace ko banza yana nan inda ka bar shi jiya. Iskar Garwa fa? Ga ƙarangiya a gefen na takwas, kuma doka minti uku kawai ta ba ka na neman faifai, in ba ka gani ba a ƙara maka jifa ɗaya.

Malam Yusufa: A ƙara da wannan. Filin farko na dindindin da Ed Headrick ya kafa a 1975, a wurin shaƙatawa na Oak Grove da ke Pasadena a Amurka, cikin itatuwa yake, sunan ma na itace ne. Shi ne kuma ya kafa PDGA, ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan nan, a 1976, ya ƙera kwandon nan mai sarƙoƙi. Wato tun asali kewaye itace na cikin wasan. Batun kuɗin ƙofa kuma, Maple Hill da ke jihar Masacusets, ɗaya daga filayen da suka fi suna a duniya, gonar itatuwan Kirsimeti ce ta masu ita, biya ake a shiga. Akwai sarari, akwai ruwa, akwai kurmi, kuma manyan 'yan wasa na gasa a can duk shekara. Da sa'a ce, da ba fuskoki ɗaya za a riƙa gani a sama ba.

Sanda: Malam, can ana sare rassa ana gyara hanya. Nan Alhaji ba ya yarda a taɓa ko ganye.

Kawu Ali: Ya yarda yaya? Mangwaron ne ke ciyar da gidansa, ba jakarka ba. Da kuɗinsa mai walda ya haɗa kwandunan, shi ke biyan mai share ciyawa bayan damina. Ni ma da lambun nawa ne, lokacin fure rufe huɗun nan zan yi gaba ɗaya, don faifai na kakkaɓe fure.

Hadiza: Ba sai an sare komai ba, Kawu. A matsar da wurin tsayawa na shida taku goma wajen rijiya, hanya za ta buɗe da kanta.

Sanda: A gyara na shida tukuna, sannan mu sake magana. Har yanzu ina nan a kan bakana game da na bakwai.

Buba: Na bakwai da Hadiza ke gamawa a jifa uku duk Lahadi?

Sanda: Hadiza, Lahadi ki zo min da na tsaka-tsakin nan aro. Wanda ya sha kaye a na bakwai shi zai biya wa kowa kuɗin ƙofa.

Kawu Ali: Aron faifai na yarda. Sharaɗin kuɗi kuwa a'a, kai da ka fara da kukan caca. Zan yi wa Alhaji maganar na shida bayan Juma'a.