Tsohon i7 ko sabon i3, wanne ya fi sauri?

Mai_Haɗa_Bidiyo:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masana ku warware min wannan, kaina ya kulle. Ina da kwamfutar tebur mai firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Intel Core i7-3770, da ita nake haɗa bidiyo, wani lokaci in ɗan buga gem. Yanzu in na sa bidiyon minti goma ya fita sai in tashi in yi wani abin in dawo bai gama ba, fanka na ta ihu. Wani abokina ya ce in koma i3-12100 wai ya fi nawa nesa ba kusa ba, ni kuma na kasa yarda, ta yaya i3 zai wuce i7? Na duba duk ƙwaya huɗu ne (core, wato sassan firosesa masu yin aiki) da layin aiki takwas (thread), nawa yana kai 3.9GHz wancan 4.3GHz, ai bambancin bai taka kara ya karya ba. Ko in lallaɓa in ɗauki Ryzen 5 5600 na kamfanin AMD?

Tsohon_Mai_Gyara:
Wa alaikumus salam. Abokinka gaskiya ya faɗa maka malam. Wannan i3, i5, i7 ɗin matsayi ne tsakanin 'yan shekara ɗaya, ba a auna na bana da na shekara goma baya da shi. Naka na 2012 ne, zubi (generation) na uku, wancan na 2022 ne, zubi na sha biyu. GHz kuma bugu nawa firosesa ke yi a daƙiƙa kawai yake gaya maka, bai gaya maka aikin da take gamawa a kowane bugu ba, kamar lebura biyu ne suna zirga-zirga sau ɗaya amma ɗaya bulo ɗaya yake ɗauka ɗayan biyu. Mu da muka ga zamanin Pentium 4 mun sha wannan, ya kai har 3.8GHz, da Core 2 Duo ya fito a 2006 sai ga mai 2.4GHz ya bar shi a baya kuma bai kai shi zafi ba. In ka gwada su a manhajar auna ƙarfin firosesa ta Cinebench R23 da ƙwaya ɗaya, i3 ɗin yana kusan ninka naka. Ga kuma AVX2, wani rukunin umarnin lissafi da ake ginawa a cikin firosesa, naka ba shi da shi sam, daga zubi na huɗu aka fara sa wa, kuma akwai sababbin gem da ba sa ko buɗewa in babu shi.

Ɗan_Ryzen:
Duk na yarda da oga amma tunda haɗa bidiyo ne babban aikinka ni 5600 zan ce. Ƙwaya shida layi sha biyu, wajen fitar da bidiyo kowace ƙwaya aiki take, to huɗu ba za su kamo shida ba in dai zamaninsu ɗaya. Kuma yana da kesh (ƙaramar ma'ajiya mai sauri a cikin firosesa) 32MB, i3 ɗin 12MB, a gem wannan ba ƙaramin abu ba ne, dubi 5800X3D da aka ba 96MB, GHz ɗinsa ma bai kai na 5800X ba amma a yawancin gem shi ne gaba. Sai dai fa 5600 ba shi da girafik a ciki, in ba ka da katin girafik allo ko haske ba zai kawo ba.

Mai_Haɗa_Bidiyo:
Toh na fara ganewa, Allah ya ƙara sani. Ina da katin girafik. Ke nan cire tsohon zan yi in dasa sabon?

Tsohon_Mai_Gyara:
A'a, nan ne gizo ke saƙar. Madabod ɗinka soket (mazaunin firosesa) LGA1155 ne da RAM DDR3, i3-12100 LGA1700 yake hawa, 5600 kuma AM4 da DDR4, duk wanda ka zaɓa sai ka sake madabod da RAM. In ɓangaren Intel ka karkata ka duba i5-12400, shi ma ƙwaya shida ne, shi ne sa'an 5600 na gaskiya. Amma kar ka ɗauki mai F a ƙarshe, an kashe masa girafik na ciki, kuma a nan Quick Sync yake, wanda ke sauƙaƙa wa manhajar editin karanta bidiyon H.265 irin wanda wayoyi da yawa ke ɗauka yanzu. Ka nemi gwajin da aka yi da manhajar da kake aiki da ita, maki ɗaya na manhajar gwaji irin PassMark bai isa hukunci ba.

Hajiya_Kwamfuta:
Kafin ka kashe ko sisi ɗan'uwa, ihun fankan nan ya tsaya min a rai. Tawa ta taɓa yin haka, na buɗe HWMonitor, manhajar duba zafin kwamfuta, ina fitar da bidiyo na ga zafi ya haura digiri 95, ashe man da ke tsakanin firosesa da abin sanyayawa ya bushe ƙamas kamar alli, ƙura kuma ta toshe haƙoran ƙarfen, in zafi ya yi yawa ita da kanta take rage gudu don kar ta ƙone. Na goge na shafa sabo, ta dawo hayyacinta. Ba zai mayar da naka sabo ba, amma za ka san ainihin ƙarfinsa kafin ka gwada shi da wani.

Mai_Haɗa_Bidiyo:
Wallahi Hajiya tunda na same ta ban taɓa sake man ba. Yau da dare zan duba zafin in turo muku abin da na gani, sannan a ci gaba da maganar 12400 da 5600.