Neman kalma: me za mu kira "screen time" da Hausa?

1/ Jama'a, kwana uku ke nan ina fama da wata 'yar takarda da aka ba ni in mayar Hausa, ta faɗakar da iyaye kan barcin yara masu tasowa. Komai ya tafi daidai, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi: "screen time". Wato jimillar awannin da idon mutum ya yi a kan waya, talabijin ko kwamfuta. Shekaranjiya na jefa tambayar a nan, kun amsa da yawa, na gode. Ga inda na tsaya.

2/ Ba yau muka fara irin wannan nema ba. A 2020, da korona ta shigo, cikin 'yan makonni muka samu "dokar kulle". Kalmar tana cikin gida dama, ta matan aure ce, aka jawo ta waje ta rufe gari duka. "Takunkumi" ya sauko daga bakin raƙumi ya hau namu. Babu kwamitin da ya zauna. 'Yan rediyo suka faɗa, kasuwa ta karɓa. Amma wani abu da kullen ya haifar a ɗakunan yaranmu har yau bai samu suna ba.

3/ Bari in ba ku labarin da ya sa na damu da kalmar. An rufe makarantu a ƙarshen Maris, Kano ta shiga kulle ranar 16 ga Afrilu, azumi ya kama ranar 24. Ɗan yayata yana ajin ƙarshe na sakandare, jarrabawar WAEC ɗin da yake jira an ɗage ta, ba a fara ba sai 17 ga Agusta. Ba makaranta, ba islamiyya, ba filin ƙwallo, har tarawih a tsakar gida muke yi. Sai ya gano datar nan mai arha da kamfanoni ke sayarwa ta tsakar dare. In na fito kewayawa wajen ƙarfe biyu, sai in hango gidan sauronsa yana haske kamar an kunna aci-balbal a ciki, fuskarsa shuɗiya, babban yatsa yana ta aiki. Haka har sahur. Ya yi asuba, ya miƙe, sai azahar.

Cikin azumi babu wanda ya ce uffan, kowa dare yake rabawa. Sai da aka yi salla aka ga yaron bai dawo ba. Kullum Yaya tana faɗa: "Kai dai wannan danne-dannen naka zai kashe maka ido." Shi kuma kullum amsa ɗaya: "Umma, yanzu fa na ɗauka." Rannan na karɓi wayar, na buɗe wurin da take lissafa awanni, na miƙa mata. Awa tara da 'yan mintuna, a rana ɗaya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ko leburan kamfani awa takwas yake yi ya tashi."

4/ A nan gizo ke saƙar. Da yawanku kun ce me muke nema, ai muna da "danne-danne" ko "latse-latse". Gaskiya ne, kuma kalmomi ne masu rai, babu gidan da ba a jin su. Amma kalmomin faɗa ne. Da ka furta, ka riga ka yanke wa yaro hukunci. Ita ta Turancin mudu ce, awo take yi. Wata guda Yaya tana cewa danne-danne bai motsa ba, lamba ɗaya ta kashe musun. Likita ba zai tambayi uwa "danne-dannensa nawa ne?" ba. Tun 2018 Apple da Google suka sa wannan ma'aunin a wayoyi, kuma in za a fassara shi wata rana, dole a samu kalmar da za ta zauna kusa da lamba ba tare da harara ba. Ga shi kuma talabijin ba a danna ta sai dai rimot.

5/ "Lokacin allo." Wannan ita ta fi samun ƙuri'a, kuma ita na fara jefarwa. Na san a rubuce muna cewa allon waya, allon kwamfuta. Amma ku je ku gaya wa Inna cewa jikanta yana awa tara a lokacin allo. Guɗa za ta yi, ta fara tanadin ragon sauka. Allo shi kaɗai, ba tare da an jingina shi da waya ba, yana da mai shi a kunnen Bahaushe: tawada, alƙalamin kara da zaure. Takardar da aka rubuta don iyaye, in ta ce "a rage wa yara lokacin allo da dare", ta jawo wa wanda ya fassara zagi a masallaci.

Sannan shi kansa "lokacin" bai zauna ba. Lokacin salla, lokacin shuka, lokacin sanyi: yaushe ake nufi, ba tsawon da aka ɗauka ba.

6/ "Awannin waya." Ta fi. Sai dai wata Hajiya ta kawo gyara mai kyau: ita wuni take yi wayarta na ƙarƙashin filo tana sauraren tafsiri, ko ta yi awa guda tana magana da 'yarta da ke aure a Maraɗi. Duk awannin waya ne, amma idonta bai taɓa gilashin ba. Abin da ake aunawa ido ne, ba kunne ba. Hajiya, kin yi gaskiya, na janye.

7/ Masu cewa a ari "sikirin" kawai, ina tare da ku rabin hanya. In wayarka ta faɗi, ka je Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, babu mai gyaran da zai ce allonka ya fashe, sikirin zai ce. Harshen da ya haɗiye rediyo da talabijin ba zai shaƙe da wannan ba. Amma wani ɗan'uwa daga Damagaram ya tuna mini cewa su ta Faransanci ce a bakinsu. In da hali, a samu wadda za ta ƙetare iyakar Najeriya da Nijar a Jibiya ba a tsayar da ita ba.

8/ Ga tawa: "zaman kallo".

Zama a Hausa ba ɗora ɗuwawu a tabarma kaɗai ba ne, don haka wanda ya ce ai yaran a kwance suke yi, a yi haƙuri. Muna da zaman aure, zaman jira, zaman gidan yari, kuma kowannensu yana ɗaukar adadi: zaman shekara uku, zaman awa biyu. Kallo kuwa aikin ido ne, ya kwashe waya da talabijin da kwamfuta, ya bar wa Hajiya tafsirinta. Ku gwada a baki: "Zaman kallonsa ya kai awa tara." "Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019, zaman kallon yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana." Babu inda harshe ya yi tuntuɓe. Masu son allo kuma ku duba da kyau, yana nan ɓoye a cikin kallo.

9/ Wani malamin makaranta ya ce kallo yana da warin wasa, ɗalibin da ke bin darasi ta Zoom ko yake karanta littafi a waya ba kallo yake yi ba. Malam, na karɓa, wannan ita ce kafar da ke jikin kalmar. Abin da zan ce kawai, ido bai san darasi da fim ba, haske ɗaya yake sha. Inda ake son bambancewa sai a ce zaman kallo na karatu.

10/ Ina cikin wannan sai na ga takardar tana neman kalma ta biyu, wadda Turancin ma bai ba ta ba. Awa uku da rana da awa uku bayan sha biyun dare ba ɗaya ba ne. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari, melatonin, shi ne mai kiran barci. Da yaro ya balaga, sakin yana jinkirta, har kusan awa biyu, shi ya sa ɗan shekara 16 yake ido biyu a lokacin da ƙaninsa ya yi nisa. Hasken waya a fuska yana ƙara tura shi baya, hirar da ba ta ƙarewa kuma ta hana zuciya kwanciya. Da can ƙararrawar makaranta da hasken safiya ke dawo da agogon jikin kan hanya kullum. Kulle ya ɗauke su duka biyu, agogo ya sulale. Ga shi likitocin barci na Amurka sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Da aka buɗe wa 'yan ajin ƙarshe makaranta a farkon Agusta, ɗan yayata ya yi mako yana gyangyaɗi a benci.

Muna da "kwanan zaune". To, "kwanan waya". Ya yi kwanan waya, ya makara. Wannan ba ta buƙatar bayani, kuma a nan kalmar waya ta dace, don babu mai shiga bargo da talabijin.

11/ Abin da na rubuta a takardar: "A lura da zaman kallon yara, musamman da dare. Kwanan waya yana hana su samun isasshen barci." Na tura wa Yaya, ta ce ta gane ba sai an fassara mata fassarar ba. Na tura wa ɗan nata ma, yanzu ya gama jami'a, na ce ya gaya mini ko kalmar ta kama shi. Da safe na tarar da amsarsa: "Kawu, ta yi. Amma ƙarfe 1:40 fa ka turo."