Daga Sakkwato zuwa Gashaka-Gumti: kwana 7 za su isa a hau Chappal Waddi?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum jama'a. Mu biyar ne, duk ma'aikata a nan cikin garin Sakkwato, kuma za mu samu hutun kwana 7 a ƙarshen Disamba. Mun yanke shawarar zuwa gandun dajin Gashaka-Gumti mu ga namun daji, mu kuma hau Chappal Waddi tunda an ce shi ne dutse mafi tsawo a Nijeriya. Babu mai sabo da hawan dutse a cikinmu, kuma babbanmu ya haura shekara 50. Kwanakin za su isa? Wace hanya za mu bi, mi za mu ɗauka? Waɗanda sunka san wurin su taimaka, Allah shi saka da alheri.

Malamin Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam, Malam. Abubuwa biyu ka haɗa a buhu ɗaya, kuma ba za su shiga ba.

Mu fara da lissafin hanya. Daga Sakkwato za ku bi Gusau, Funtuwa, Zariya, ku faɗa Bauchi, Gombe, Numan, sannan Jalingo. Wannan ba tafiyar yini ɗaya ba ce, kuma hanyar Gusau ba a bin ta da dare, kowa ya san dalili. Daga Jalingo kuma sai Garba Chede, Bali, sannan Serti, inda hukumar gandun take da mazauninta. Ka sa kwana 2 da rabi zuwa, kwana 2 da rabi dawowa, saura kwana 2 a hannunku. In da hali, ku hau jirgi daga filin Sultan Abubakar III zuwa Abuja, daga nan ku nemi na Jalingo ko na Yola; za ku tsira da wajen kwana 2 cikin lissafin.

Gandun ba ƙaramin wuri ba ne. Ya haura murabba'in kilomita 6,000, babu kamarsa a girma duk ƙasar nan, kuma a 1991 aka haɗe gandun Gashaka da na Gumti aka mai da su ɗaya. Ɓangaren Gumti na arewa, ta wajen Toungo a Adamawa, fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Duwatsu da kurmi suna kudu, a Taraba. Namun dajin da kuke son gani suna ƙasa, kewayen ƙauyen Gashaka da Kwano da bakin Mayo Kam: dorina, ɓauna, gwaggon biri, mazo, gwambaza, tsuntsaye iri sama da 500, da kuma wanda mutanen wurin ke kira biri mai ganga, wato cimfanzi, saboda yadda yake dukan saiwar manyan itatuwa ana jin amon daga nesa. Shi kuwa Chappal Waddi, mita 2,419, yana can kan iyakar Kamaru. Mai son hawansa cikin 'yan kwanaki sai ya wuce Serti, ya hau tsaunin Mambila, ya sauka Nguroje, daga nan a ɗauke shi a babur zuwa Njawai, sannan a fara takawa. Wanda ya ce daga ƙauyen Gashaka zai taka har ƙoli ya dawo, ya ware mako guda ko fiye.

Shawarata: da kwana 7 a mota, ku tsaya ƙasa. Yini ɗaya ku je tafkin dorina a Mayo Kam, ku hau tudun da kufan sansanin Jamusawa yake, wanda suka bari tun zamanin da yankin ke hannunsu kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yini na biyu ku taka cikin kurmi ta wajen Kwano. Dutsen kuma ku ware masa kwana 10 wani karon.

Ko wanne kuka zaɓa, ba a shiga sai da izinin hukuma da rakiyar jami'in gandu. Ku tuntuɓi ofishinsu tun kuna gida, su ne za su gaya muku wuraren da ake shiga a lokacin da waɗanda aka rufe don tsaro. Ku biya kuɗin shiga a ofis, ku karɓi rasit. Kowa ya riƙe katin shaidarsa na ɗan ƙasa, don shingayen bincike suna da yawa a yankin iyaka.

Batun lokaci: Disamba zuwa Maris ne ake shiga, rafuka sun janye, hanya ta bushe. Sai dai hazon hunturu yana cinye nesa, kana ƙolin dutse amma kwarin da ke ƙasanka fari fat. Ƙarshen Nuwamba sama ta fi washewa, amma ciyawa ta fi mutum tsawo kuma ruwa bai gama sauka ba. Kowanne da nasa.

Hajiya ta Arkilla:

Ƙanena, Malam ya gama da hanya, bari in yi maganar jiki. Basakkwace ba rana ce za ta kayar da shi a can ba, sanyi ne da ƙafa.

Garinmu bai wuce mita 300 daga doron teku ba. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Ke nan ƙolin Chappal Waddi ya fi Sakkwato sanyi da wajen digiri 13 zuwa 14, kafin a sa iska a lissafi. Ka tuna asubahin Janairu a Kwannawa, ka cire wannan daga ciki. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya hau da rigar auduga, gumi ya jiƙa ta sharkaf, ya zauna hutawa, iska ta buge shi. Auduga ba ta bushewa da wuri, sai ta koma tana zuƙe ɗumin jiki. Ku sa rigar 'yan ƙwallo a ciki, suwaita a kai, sannan jaket mai tare iska. Kana tafiya ka cire na sama, kana tsayawa ka mayar nan take, kada ka jira sai ka fara rawar ɗari. Hular sanyi, safar hannu, da kaya busassu kala ɗaya a ƙulle cikin leda, na barci kawai.

Da dare ƙasa ce ke shan ɗumin mutum fiye da iska. Bargo biyu a sama da tabarma ɗaya a ƙasa ba su kai 'yar katifar soso mai kaurin yatsa biyu da bargo ɗaya ba. Kuma don Allah, al'adarmu ta shigar da kaskon garwashi ɗaki a bar ta a gida. Gawayi a cikin rufaffen tanti yana fitar da iska mai guba da ba ta da wari, mutum ya yi barci bai farka ba.

Ƙafa: kada a sayi takalmi yau a tafi da shi gobe. A taka shi mako 3 aƙalla. Ya kasance da sararin faɗin babban yatsa a gaba, don a gangara ƙafa tana zamewa gaba, farce ya yi ta dukan bakin takalmi har ya tara jini ya yi baƙi. A yanke farce kwana 2 kafin tafiya. Safa biyu, siririya a ciki, mai kauri a waje. Da zarar ka ji wani wuri yana ɗumi a dunduniya, tsaya ka manna filasta; in ka bari ya yi bororo, sauran tafiyar ɗingishi ce.

Ruwa: lita 3 a yini ga kowa, kuma a sha ko ba a ji ƙishi ba, don sanyi yana ɓoye ƙishirwa. Ruwan rafi komai kyansa a tafasa shi, shanu suna sha a sama. A ƙasa minti 1 yana tafasa ya isa, sama da mita 2,000 a ba shi minti 3. A can sama ruwa yana tafasa tun a wajen digiri 92, shi ya sa wake zai cinye muku itace bai nuna ba. Ku ɗauki taliya, garin rogo, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, gyaɗa da kayan shayi. In gudawa ta kama wani: lita 1 na tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

A ƙasa, bakin rafi akwai tsando, kuma baƙar tufa da shuɗiya yake bi, don haka ku sa mai ruwan ƙasa, mai dogon hannu. Gidan sauro dole ne. Maciji in ya sari mutum, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wa da igiya. A cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da itace kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Babban naku ya auna hawan jini da sukari kafin ku tashi, in yana shan magani ya riƙe na kwanakin da ƙari. Mai mura ko tari kuma kada ya bi sawun biri mai ganga, cutarmu tana kama su.

Ardo na Wurno:

Hajiya, ranki ya daɗe, duk na yarda, sai dai batun takalmi kada a tsorata yaran su je su zuba kuɗi a but mai nauyi. 'Yan dakon wurin da takalmin roba suke hawa. Kambas mai ƙarfin tsagi a ƙasa ya wadatar da rani. Abin da ba a so shi ne mai sulɓin tafi, don busasshiyar ciyawar tudu santsi gare ta kamar an shafa mai.

Ga yadda ake auna tafiya: awa 1 ga kowane kilomita 5, a ƙara awa 1 ga kowane mita 600 na hawa. Wannan na waɗanda sunka saba ne. Ku ku ƙara rabin abin da kunka samu a kai. A tashi bayan sallar asuba, mafi rauni shi ne a gaba, jami'i na tare da shi. In mutum ba ya iya magana yana tafiya, saurin ya yi yawa. Ku sa lokacin juyawa tun kafin ku tashi: in ƙarfe 1 ta yi ba ku kai ba, a juyo, ko da ana hangen ƙolin. Gangara ta fi hawa cin gwiwa, kuma a nan ake faɗuwa, an gaji, hankali ya koma gida. Gajeren taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, sanda a hannu. Sandar makiyayi ta isa.

Jaka kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka: mai kilo 70, kilo 14 iyaka. Sauran a ba 'yan dako, a yi ciniki a gaban jami'i kafin a tashi, a faɗi ko abincinsu na kanku. Kuɗi a hannu, ƙananan canji, ku ciro tun daga Jalingo ko Serti. Sabis ɗin waya yana zuwa yana tafiya, sanyi kuma yana kashe batir, ku kwana da wayar cikin aljihu.

Tsallaka rafi: kada a cire takalmi, duwatsun ƙasa suna da gansakuka. Kwance igiyar ƙugu ta jaka don in ka faɗi ka iya yar da ita. Fuskanci inda ruwa ke fitowa, ka tafi a karkace, sanda a gaba. Ruwa mai gudu in ya wuce gwiwa, a nemi wani mashigi. Wurin da dorina take kuwa, kada ka shiga tsakaninta da ruwa.

Kan tudun akwai rugage. A yi sallama daga nesa, a gaida jauro, kada a ɗauki hoton mata ko shanu sai an tambaya. Mai Fulatanci a cikinku ya yi gaba, ya fi Hausa tafiya a can. Mayo rafi ke nan, shi ya sa kuke jin Mayo Kam, Mayo Selbe. Kuma za ku ji sunan gida: ƙaramar hukumar da Mambila take, mai hedikwata a Gembu, Sardauna ake ce mata, don Sir Ahmadu Bello, sunan da aka fara ba lardin bayan ƙuri'ar 1961 da yankin ya zaɓi zama a Nijeriya.

Kafin tafiya, mako 6, sau 3 a mako: jaka mai kilo 8, a hau matakala a sauko na minti 30. Yawo a fili har Wamakko ba zai shirya cinya ga hawa ba.

Ɗan Mabera:

Mun gode ƙwarai, Allah shi bar zumunci. Mun tattauna, za mu tsaya ƙasa, amma muna son mu leƙa Mambila ko na yini ɗaya ne mu ga gonar shayi. Motarmu ƙarama ce mai canja giya da kanta. Za ta iya?

Baban Tasha:

Alhaji, hawa za ta hau. Daga Mayo Selbe titin ke fara nannaɗe dutse har ya kai ku kan tudun, wajen mita 1,600, gonar shayin tana Kakara. Saukowa ce matsalar. Wanda ya bar giya a D ya ɗora ƙafa kan birki tun daga sama, birkin zai yi zafi, mansa ya tafasa, ka taka ka ji ya lume har ƙasa ba kamu. Sa ta a 2 ko L, inji ya riƙe ta, birki kuma a taka a saki. Ka ji ƙaurin ƙuna, nemi wuri mai faɗi ka tsaya minti 20, kada ka watsa wa ƙafafun ruwa. Canja man birki da takalmin birki tun a Sakkwato, a duba lagireto, a cika tanki a Serti. Hon a kowace kwana, fitila a kunne in hazo ya sauko, kuma ku sauko kafin la'asar sakaliya.

Cikin gandun kuwa ba hanyarta ba ce. Ku ajiye ta a Serti, ku shiga da mai jan ƙafa huɗu ko babura.

Malamin Runjin Sambo:

Ƙari ɗaya da na manta. Alƙibla a can ta fi ta gida karkata zuwa arewa da kimanin digiri 10: a Sakkwato wajen 71 take daga arewa, a Gashaka wajen 60. Ku sauke manhajar alƙibla mai aiki ba intanet tun kuna gida, ko ku riƙe ƙaramin kamfas, don a cikin kurmin Kwano ba kullum ake ganin inda rana ta fito ba.