Wanda ɗan sanda ya taɓa tsayarwa da bindiga a mota a Amurka, ya zo ya ba mu labari

Baban Yasira:
Assalamu alaikum jama'a. Shekarata 11 a Amurka, shida daga ciki ina aikin dare a wani gidan mai. Watan jiya wasu samari biyu suka shigo wajen ƙarfe uku na dare, ɗaya ya saita ni da bindiga, ɗayan ya kwashe kuɗin dirowa, suka fice. Allah ya tsare, ko ƙwarzane ban samu ba, amma tun ranar barci ya ƙaurace mini. Na je na yi kwas ɗin riƙe bindiga, an ɗauki hoton yatsuna, lasisi ya fito. Bindigar ce har yau na kasa saye. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne ranar da ɗan sanda zai tsayar da ni ina komawa gida da asuba, ita kuma tana ƙuguna. Malamin kwas ya yi mana bayani, amma shi Bature ne tsohon soja. Ni baƙar fata ne, ga gemu, kuma da na buɗe baki an san baƙo ne. Don Allah wanda abin ya taɓa faruwa da shi ya faɗa mana yadda aka yi.

Direban Tirela:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ƙara tsarewa, Baban Yasira. Ni ya faru da ni a Mishigan, a motata ta gida, domin kamfaninmu ya hana ɗaukar makami a tirela. Dokar jiharmu ta ce mai lasisi ya sanar da ɗan sanda nan take cewa yana ɗauke da bindiga, ba sai an tambaye shi ba. Da na ga fitilarsa a madubi na gangara gefe, na kashe mota, na kunna fitilar ciki, na sauke gilasai duka huɗu, na ɗora hannuwana kan sitiyari. Da ya iso na ce, "Yallaɓai, ina da lasisin riƙe makami, kuma yana jikina, a ƙuguna na dama. Me kake so in yi?" Da gangan na fara da maganar lasisi, domin kalmar da ta fara shiga kunnensa ita zai riƙe.

Sai ya ce ina takarduna. Nan gabana ya faɗi, domin walat ɗina yana aljihun baya na dama, dab da bindigar. Na gaya masa haka. Ya ce kada in motsa. Ya fito da ni, ya zare ta da kansa, ya cire harsasan, ya ajiye a motarsa, ya rubuta mini tarar gudu, sannan ya dawo mini da ita babu harsashi a ciki. Bai ci mutuncina ba, gaskiya. Amma da ya tafi sai da na yi minti goma a wurin ƙafata na rawa. Tun ranar lasisin tuƙi da takardar inshora suna saƙale a marfin kare rana na saman sitiyari, inda zai ga hannuna daga tashinsa har saukarsa.

Maman Khalil:
Yaya Direba, na ji daɗi da ka koma gida lafiya, amma kada Baban Yasira ya ɗauka wanda ya bi ƙa'ida ya tsira. Ina Sent Pol ta Minesota a 2016. Ranar 6 ga Yuli aka tsayar da Philando Castile a Falcon Heights, kusa da mu. Shekararsa 32, yana aiki a ɗakin cin abincin wata makarantar yara, yana da lasisi. Shi da bakinsa ya gaya wa ɗan sandan cewa yana da bindiga. Aka ce kada ya ciro ta, ya ce ba ciro ta zai yi ba, ɗan sandan ya sakar masa harsashi bakwai. Budurwarsa na gefensa, ita ta nuna wa duniya abin da ya biyo baya kai tsaye a Facebook, 'yarta mai shekara huɗu tana kujerar baya. A watan Yunin 2017 kotu ta wanke ɗan sandan. Maigidana yana da ƙaramar bindiga a lokacin. Satin da aka yanke hukuncin ya kai ta shago ya sayar.

Nawa kuma da ya same ni, babu ma bindiga a motar. Ina dawowa daga aikin asibiti na ɗauko Khalil, lokacin yana da shekara 14, aka tsayar da mu saboda fitilar baya ta mutu. Ɗan sandan na tambayata ko akwai makami a motar, sai wayar yaron ta zame ƙasan kujera, ya sunkuya zai ɗauko. Na ga hannun mutumin ya sauka kan bindigarsa, ya daka tsawa. Ban san lokacin da na ƙwala wa yaron ihu da Hausa ba, na ce ɗago hannunka. Har muka isa gida bai ce uffan ba. Yanzu shi ke tuƙi, kuma duk daren da ya fita sai na ji tsayuwar motarsa nake runtsawa.

Ɗalibin Shari'a:
Anti, Allah ya raya Khalil. Bari in faɗi nawa, sannan in ɗan taɓa doka. Muna tafiya a Tekzas da wani abokina ɗan ƙasa, yana da bindiga a akwatin gaban mota, daidai gwiwata. Aka tsayar da mu, takardar inshora kuma tana cikin akwatin nan. Ya gaya wa ɗan sandan, shi kuma ya zagayo ta wajena ya ce in fito, ya buɗe da kansa. Abin ya wuce lafiya. Daga baya ne hankalina ya tashi, domin ni da bizar karatu nake, kuma dokar tarayya ta haramta wa mai irin wannan biza riƙe bindiga, in ban da 'yan togaciya kamar lasisin farauta. Mai katin zama na dindindin yana iya mallaka. Wanda ba shi da takardu kuwa, ko taɓa ta laifi ne babba. 'Yan'uwa ɗalibai a kiyaye.

Game da doka, ƙofa biyu aka buɗe suna kallon juna. Gyara na biyu na kundin tsarin mulki, na 1791, ya ba jama'a 'yancin mallakar makami. Kotun Ƙoli a shari'ar Heller ta 2008 ta ce wannan haƙƙin mutum ne shi kaɗai a gidansa, a shari'ar Bruen ta 2022 kuma ta ce har a waje yana da haƙƙin ɗauka don kare kai. A ɗaya ɓangaren, shari'ar Garner ta 1985 ta hana harbin mai gudu sai in yana barazana ga rai, amma shari'ar Graham ta 1989 ta ce a auna aikin ɗan sanda da idon ɗan sanda mai hankali da ke wurin a lokacin, wanda zai yanke shawara cikin ƙiftawar ido. To bindigar da doka ta halatta maka, ita ce kuma hujjarsa in ya ce ya ji tsoron ransa. A watan Mayun 2025, a shari'ar Barnes, wadda ita ma daga tsayar da mota ta taso, kotun ta ce dole a duba duk abin da ya wakana tun farko, ba daƙiƙar harbin kaɗai ba. Ci gaba ne, amma iyalan mamaci yake amfana a kotu.

Dattijon Bronks:
'Ya'yana, ni tun 1994 nake tuƙa tasi a Niyok, ban taɓa riƙe bindiga ba, kuma ba zan riƙe ba. Ina garin nan ranar 4 ga Fabrairun 1999 da aka kashe Amadou Diallo, yaro ɗan Gini mai shekara 23, a ƙofar gidansu. Walat ya ciro. Harsashi 41 aka harba, 19 suka same shi, kuma an wanke 'yan sandan huɗu duka. Mu 'yan Afirka ta Yamma a lokacin kowa ya shafa wa gemunsa ruwa.

Ni kaina an taɓa kewaye ni da motoci uku, wai motata ta yi kama da wadda ake nema. Bindigogi a kaina, aka kwantar da ni a kan titi cikin sanyin hunturu, aka sa mini ankwa. Suka caje motar kaf, ba su ga komai ba, suka kwance ni suka ce in tafi. Da sun ga bindiga a ƙarƙashin kujera, ko da lasisi goma, ban san yadda daren zai ƙare ba. An yi mini fashi sau biyu a tasi, na miƙa kuɗin. Baban Yasira, kuɗin dirowa na mai gidan man ne, kuma yana da inshora. Yasira kuwa uba ɗaya gare ta.

Mai Kaki:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na daɗe ina karantawa ina shakkar magana, domin ni ɗan sanda ne, shekara takwas ke nan. Ba zan kare abin da aka yi wa Castile ba. Amma ku ji yadda abin yake daga wajen gilashi. A makarantar horo an nuna mana bidiyon Kyle Dinkheller, ɗan sandan Jojiya da wani direba ya harbe har lahira a 1998 bayan ya tsayar da shi. Ana nuna shi ne don ka san jinkirin daƙiƙa biyu na iya kashe ka. Ƙasar nan kuma, a ƙiyasin cibiyar binciken makamai ta Small Arms Survey na 2018, akwai bindiga kusan miliyan 393 a hannun farar hula, sun fi mutanen yawa. Saboda haka duk motar da na nufa, ina ɗauka akwai makami a ciki.

Na tsayar da masu lasisi da yawa. Wanda ya faɗa mini tun farko, hannunsa a sitiyari, hankalina ya fi kwanciya da shi, domin mai niyyar harbi ba ya sanarwa. Wanda ke tayar mini da hankali shi ne mai son taimako, ina isowa yana lalube a jaka yana neman takarda. Kada ka nemo komai sai an ce ka nemo. In aka ba ka umarni biyu masu karo da juna, kamar miƙo lasisi da kada ka motsa, ka tsaya cak ka tambaya wanne za ka bi. Sannan ka sani, a jihar da nake aiki, da na saka sunanka a kwamfuta zan ga kana da lasisin bindiga.

Maman Khalil:
Ƙanina, na gode da ka fito ka yi magana, Allah ya tsare ka a bakin aikinka. Sai dai duk nauyin a kan wanda aka tsayar ka ɗora shi. Kai aka horar, kai ake biya, amma ni da ɗana ake so mu fi ka natsuwa. Jaridar Washington Post ta fara ƙirga a 2015, kusan mutum 1,000 'yan sanda ke harbewa har lahira duk shekara. Kuma Amir Locke wane sitiyari zai riƙe? Yana barci a kan kujera a Miniyapolis a Fabrairun 2022 aka buɗe ƙofa aka faɗo ba tare da ƙwanƙwasawa ba, ya farka da halastacciyar bindigarsa a hannu, ba a cika daƙiƙa goma ba aka harbe shi. Ba shi ake nema ba, kuma ba a gurfanar da kowa ba. Roger Fortson sojan sama ne, a gidansa a Fulorida a 2024 ya buɗe ƙofa bindigarsa na kallon ƙasa, ɗan sanda ya harbe shi har lahira.

Mai Kaki:
Gaskiyarki, Anti. Wanda ya harbi Fortson an kore shi an kuma tuhume shi da kisa, amma hakan bai dawo da shi ba. Ni ma in na cire kaki na shiga motata, hannuna a sitiyari nake ajiyewa in aka tsayar da ni.

Baban Yasira:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganarka ta shige ni. Na yi wa mai gidan man magana, ya yarda daga sha biyun dare a kulle ƙofa a riƙa ciniki ta taga. Bindigar dai ban saya ba, ban kuma ce na fasa ba. Takarduna na mayar da su saman sitiyari kamar yadda Malam Direba ya ce. Abin da ban taɓa tunani ba shi ne na Mai Kaki, cewa lasisin na iya fitowa a kwamfuta. Ke nan ko yau aka tsayar da ni, mai zuwa wajen gilashina zai iya zuwa da zaton ina ɗauke da ita. Jiya da asuba ina tuƙi ina ta maimaitawa da Turanci har na isa gida: Yallaɓai, ina da lasisi, amma babu makami a motar nan.