Ƙuri'ar gidan waya a Amurka: a fara buɗe ambulan kafin ranar zaɓe ko a jira?

Malam Habu, Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare a teburin mai shayi muka yi musu da wani tsohon ɗalibina har shayina ya huce. A rediyo muka ji cewa wasu jihohin Amurka na ta ja-in-ja kan gyara doka, don a bar ma'aikatan zaɓe su fara aikin ƙuri'un da ake aikowa ta gidan waya tun kafin ranar zaɓe. Yaron ya ce ai wannan buɗe ƙofar maguɗi ne. Ni kuwa 2020 na tuna: an yi zaɓe ranar Talata 3 ga Nuwamba, amma sai Asabar 7 ga wata aka ce Biden ya ci, ana ta jiran Pensilbaniya. Fulorida da ta fi ta yawan jama'a, tun daren Talata aka san Trump ya ɗauke ta. To me ya bambanta su? Kuma wannan fara aiki da wuri, ƙirgawa ake nufi ko me?

Badaure a Filadelfiya:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara daraja. A nan jihar Pensilbaniya nake zaune, kuma ta gidan waya nake jefa tawa. Ambulan biyu ake aiko maka. Ka cika takardar, ka naɗe, ka sa a ta ciki wadda babu sunanka, sannan ka sa ta cikin ta waje, ka sa hannu a bayanta. Wanda ya manta da ta cikin, ƙuri'arsa ta tafi a banza. Ni karon farko har na liƙe, maiɗakina ta hango ƙaramar ambulan ɗin a kan tebur, sai da na yi ta lallaɓa baki da wuƙa.

To yanzu ka dubi aikin ma'aikaci: ya tantance sunan, ya farke ta waje, ya farke ta ciki, ya warware takardar, ya miƙar da ita don kada na'ura ta shaƙe. A 2020, saboda korona, irin waɗannan sun haura miliyan 2 da rabi a jihar nan. Doka kuma ta ce ba za a farke ko ɗaya ba sai ƙarfe 7 na safiyar ranar zaɓe. Kamar a tara maka buhunan gyaɗa wata guda, a hana ka ɓarewa sai ranar kasuwa. Na'urar ba ta da nawa, ɓarewar ce ke cin kwanaki. Fulorida kuwa, wadda ta sha kunya a 2000 lokacin da tazarar Bush da Gore ta tsaya a ƙuri'a 537, tana yin wannan aikin makonni kafin ranar.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, 'yan Dimokurat ne suka fi aikowa ta gidan waya, don Trump ya yi ta kushe tsarin. Sai aka kwana yana gaba, ana buɗe ambulan tazarar tana narkewa. Daga nan maganar an sace zaɓe ta samu gindin zama.

Maman Ilham, Layin Dutsin Safe:

Malam, ka yi haƙuri, ni ina bayan ɗalibinka. Na riƙe rumfar zaɓe lokacin da nake bautar ƙasa. Abin da ya sa mutane suka watse lafiya shi ne a gabansu na juye akwati, ina ɗaga ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya suna ƙirgawa da ni da ƙarfi, wakilan jam'iyyu suka sa hannu, na manna sakamako a bango. Takardar da aka buɗe kwana bakwai kafin zaɓe, wa ya kwana da ita? In wani ya leƙa ya ga inda iska ta nufa, ya tsegunta wa mutanensa fa?

Badaure a Filadelfiya:

Hajiya, tambayarki ita ce ta masu adawa da gyaran a nan ma. Amma buɗewa daban, fitar da jimla daban. A Fulorida ko an zura takardun a na'ura, ba a fitar da adadi sai an rufe rumfuna, kuma wanda ya fallasa kafin nan babban laifi ya yi. Wakilan jam'iyyu ma ana barinsu su zauna su sa ido. Jihar Mishigan ta gyara tata dokar, manyan garuruwanta na iya farawa kwana 8 kafin zaɓe. A Wiskonsin kwana ɗaya tak aka nema, ranar Litinin, majalisar wakilan jihar ta amince a 2023, ta dattawa ta bar ƙudurin ya mutu. Mu a nan kuwa ma'aikatan ƙananan hukumomi na jam'iyyun biyu sun daɗe suna roƙo, amma maganar ta maƙale saboda 'yan Rifablikan na son a haɗa ta da dokar nuna katin shaida.

Maman Ilham:

Na ji. Amma sai na ga ɗakin da ake kwanar da su da wanda ke riƙe makulli.

Malam Habu:

Na gode ƙwarai, ɗan'uwa. Ashe ni da yaron duk ƙirgawa muka ɗauka ake yi. Yau bayan isha'i zan kai masa misalin gyaɗar nan, amma na san shi, maganar makullin Hajiya zai kama. In ka samu sarari ka faɗa mana yadda ake gadin ambulan ɗin da daddare, kafin in je.