Shawarwari a zaure: fatsar baramundi a kogin Daly

Ɗan Yauri: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Aiki ya kawo ni Darwin, a arewacin Ostireliya, kuma ina so in gwada kamun baramundi, kifin da aka ce ɗan uwan giwan ruwa ne da muke kamawa a gida. Wane kogi ya kamata in nufa, kuma a wane wata?

Baban Zainab: Wa alaikumus salam, ƙanena. Gaskiya aka faɗa maka, danginsu ɗaya ne, har ƙirar kansu ta yi kama. Ka nufi kogin Daly, kimanin kilomita 220 kudu da Darwin, amma ka jira ƙarshen damina, tsakanin Maris da Mayu, lokacin da ruwan da ya malale fadamu yake komawa cikin kogi yana kwaso ƙananan kifaye da jatan lande. Baramundi yakan laɓe a bakin rafuka, daidai inda baƙin ruwan fadama ya haɗu da ruwan kogi mai laka, yana jiran abinci ya zo masa. Nan za ka jefa ƙugiya. Ka fara tambayar halin hanya, domin ambaliya takan yanke ta.

Maman Sadiq: Malam, ka riƙe abin awo. Wanda bai kai santimita 55 ba sai a mayar da shi ruwa, kuma a Daly haka ake yi wa wanda ya wuce santimita 90. Ina goyon bayan wannan doka da zuciya ɗaya, saboda kifin yakan fara rayuwa a matsayin namiji, sai ya girma sannan ya rikiɗe ya zama mace, don haka manyan nan su ne masu zuba ƙwai.

Bakatsine: Shady Camp da ke kogin Mary ya fi kusa, sai dai jama'a sun fi yawa. Abin da ya fi damuna shi ne kada. Yaya, ka manta da sabon da ka yi na shiga ruwa da ƙafa. Kada ka fere kifi a bakin gaɓa, kada ka tsoma hannu a ruwa lokacin sakinsa.

Ɗan Yauri: Allah ya saka muku da alheri. In Allah ya yarda zan je Daly a watan Afrilu, kuma a wannan karo na farko zan ɗauki jagora mai kwale-kwale wanda ya san kogin.