Ɗana namiji tilo yana son zama Fada, ku ba ni shawara

Maman Tilo: Salama gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Ina zaune a Mabera, nan Sakkwato. Maigidana ya rasu ya bar mini yara huɗu, namiji ɗaya ne a cikinsu. Ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ina jiran ya zo mini da zancen aiki ko na yarinya, sai ya zaunar da ni ya ce shi seminari zai tafi, wato makarantar horar da firistocin Katolika, ya zama Fada, har ya riga ya sami Fadanmu da maganar. Tun yana ƙarami yake hidima a bagadi, amma ban zaci abin zai kai nan ba. Dangin ubansa sun ce in na yarda, na kashe gidan ɗan'uwansu. Ga ƙannensa biyu a makaranta, ga kuma abin da ake yi wa firistoci a hanya. Ba na so in ja da Allah, amma barci ya gagare ni. Me zan ce masa?

Baba Katikis: Mama, sannu da fama. Ki fara sanin cewa shiga seminari ba shi ne zama Fada ba. Zai rubuta takarda, a kira shi ganawa, a binciki halinsa da lafiyarsa. In an ɗauke shi, akwai shekarar horon ruhaniya, sai falsafa, sai shekarar aiki a majami'a, sai tauhidi shekara 4. A ƙasarmu abin yakan kai shekara 9 ko 10. Duk hutu ana tura shi wani wuri, Fadan wurin ya rubuta rahoto a kansa, har yadda yake magana da tsofaffi. Dokar Ikilisiya ba ta yarda a naɗa firist ƙasa da shekara 25 ba, kuma sai ya yi aƙalla wata 6 yana dikon, wato matakin da ke kafin zama firist. Da yawa suna komowa gida da kansu, wasu kuma a sallame su. Saboda haka yardarki ta yau ba ita za ta sa masa farar riga ba, ƙin yardarki kuma ba zai cire masa abin daga zuciya ba.

Ladi ta Zumunta: Baba, ku gafarce ni, kun tsallake maganar kuɗi, ita ce kuwa take cin Mama. Yayana Fada ne, bari in faɗa miki yadda take. Firist na dayosis, wato yankin da Bishop ke shugabanta, ba ya rantsuwar talauci irin ta 'yan ƙungiyar Dominikan, alkawarin rashin aure da biyayya ga Bishop yake yi. Yana iya riƙe ɗan abinsa, yana iya taimakon gida. Amma baikon Lahadi ba nasa ba ne, na majami'a ne, ana lissafinsa. In aka kai shi ƙauye, abin da ake kawowa gaban bagadi dawa ce da gyaɗa da kaza ɗaure da tsumma. Na taɓa kai masa ziyara na tarar yana kwance ƙarƙashin mota da sifana a hannu, ana jiransa a wata ƙaramar majami'a don Mas, wato sujada, ta biyu. Kada ki ɗora karatun 'yan matan a kansa. Ki zaunar da shi ku yi wannan lissafin tun yanzu, don shekara goman nan ba zai kawo ko sisi ba, ke ce ma za ki riƙa aika masa da sabulu da ƙuli-ƙuli.

Ɗan Gusau: Ni dai gaskiya da ni ne ke, sai in ce ya yi haƙuri. Wa zai riƙe sunan gidan? Bauta wa Allah ai ba sai da farar riga ba.

Tsohon ɗan seminari: Ɗan Gusau, ƙanin uban da ke wannan maganar, ko ya biya wa marayun kuɗin makaranta sau ɗaya? Mama, ni na shiga, na gama falsafa, na fito, yau ina da mata da yara, babu wanda ya tsine mini. Abin da ya fitar da ni ba sha'awar aure ba ce kamar yadda mutane suka yi ta faɗa, kaɗaici ne. Ranar Lahadi kowa na kiran Fada, Fada. Da yamma kowa ya koma gidansa, shi kuma ya koma ɗaki da littafin addu'arsa. Tsakar dare a buga waya, wani na bakin mutuwa a asibiti, ya ɗauki 'yar kwalbar man shafa wa majiyyata ya fita. Abin da ya ji a wurin furta zunubi kuwa ba zai gaya wa kowa ba har abada, ko ke da kika haife shi. Ki tambaye shi wannan ɓangaren, ki ji ko ya taɓa tunaninsa. In girma da mota yake hange, za ki gane daga amsarsa.

Baba Katikis: Kan tsaro, ba zan ɓoye miki ba. Michael Nnadi ɗan dayosis ɗinmu ne, yana da shekara 18 aka sace shi tare da 'yan'uwansa ɗalibai uku daga seminarin Good Shepherd na Kaduna a watan Janairun 2020, aka kashe shi, Bishop Kukah ne ya yi wa'azin jana'izarsa. A watan Mayun 2021 aka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi. A lokacin Katsina na ƙarƙashinmu, sai a 2023 aka ba ta nata dayosis, Bishop Gerald Mamman Musa ya zama na farko. Har yanzu muna da majami'u a Zamfara, kuma Fada ba ya zaɓen inda za a kai shi. Bishop Kukah kansa tun 1976 yake firist, ɗan kudancin Kaduna ne, aka turo shi nan a 2011.

Maman Tilo: Na gode muku duka. Wannan na ƙarshen ya sa ni kuka, amma gara da kuka faɗa. Ladi, maganarki ta shige ni. In na ce ya fara aiki shekara biyu ƙanwarsa ta gama, na yi zunubi? Ko shekarunsa za su wuce?

Ladi ta Zumunta: Ba zunubi ba ne, Mama, roƙo ne na uwa. Amma kada ki mai da shi tarko, ki riƙa turo masa 'yan matan kwaya gida da sunan gaisuwa, zai gane.

Baba Katikis: Zancen shekaru kowane dayosis da ƙa'idarsa, don haka kada ku yanke a gida. Akwai Fadan da Bishop ya ɗora wa kula da masu neman shiga seminari, Fadanku zai haɗa ku da shi. Ku tafi ke da yaron, ki faɗi maganar ƙannen a gabansa ba ɓoye-ɓoye. In za ki iya, ki ja babban cikin dangin ubansa ku tafi tare, ya yi tambayoyinsa da bakinsa.